Rumbun Sani Mai Hoto

Ku da kuke zaman bencin ƙofar shagona kuna latse-latsen waya, kada ku ɗauka ba na jin abin da kuke faɗa in na juya baya. Wai aikin Malam Hamisu ai ba aiki ba ne, kashewa ce da kunnawa. Ɗayanku ma har cewa ya yi in aka bar masa shagon zai iya, tunda shi ke tura wa mutanen unguwarsu fina-finai a waya. To madalla. Ban yi fushi ba, don ni ma da nake kamar ku haka na ɗauki aikin maigidana. Amma tunda kun ƙi ɗaga mini benci, ku gyara zama in ba ku labarin sana'ar.

A Katsina na koya, wajen wani dattijo Malam Isiyaku, Allah ya jiƙansa. Asalinsa mai gyaran tafireta ne, da kwamfuta ta fara shiga ofisoshi sai ya bi ta, ba don yana ƙaunarta ba. Shekarar farko bai bari na buɗe cikin kwamfuta ko guda ba. Aikina kebul ne, wannan shuɗin da ake haɗa kwamfuta da 'yar'uwarta. Ka fere bakinsa, ka tarar da ƙananan wayoyi takwas a murɗe, kowace da launinta. Ka warware su, ka jera su yadda tsari ya ce, ka datse su daidai, ka tura cikin ɗan kan roba, ka matse da filaya. In guda ta kauce daga layinta, kebul zai yi kyau a ido amma ba zai ɗauki komai ba. Malam Isiyaku ba ya duka, ba ya zagi. Zai karɓa ya ɗaga wajen haske ya duba, ya sa almakashi ya cire kan, ya miƙo maka. Sai da na cika gwangwanin madara da datsattsun kawuna kafin ya daina dubawa.

Abu na biyu da ya koya mini tambaya ce. Duk wanda ya kawo aiki, kafin ka taɓa komai, ka nemi sanin me ya canza tsakanin jiya da yau. Mutane ba sa faɗa a karon farko, kuma ba mugunta ba ce, kunya ce. Kowa cewa yake kwamfutar da kanta ta lalace. Sai ka tambayi gida, ka tambayi gona, kun ɗan taɓa hira, sannan a hankali zance ya fito cewa ƙanin matarsa ya soka mata filash jiya da yamma. Rabin gyara a wannan hirar yake, kuma ita ce ba ku da haƙurinta.

Jakata kun san ta, wannan baƙar da kuke wa dariya. Filayar matse kebul ce a ciki, da sukudireba babba da ƙarama, da buroshin haƙori, da naɗin kebul, da wani tsumma mai laushi da na yanko daga tsohuwar singileti. Tsumman nan na gilashin kwamfuta ne. A duniya ba abin da ke ɓata mini rai irin mutum ya zo nuna mini abu ya dangwala yatsa a gilashi. Manyan ma'aikata ma na sha buge musu hannu, in goge wurin a gabansu don su ji kunya. Har suna suka sa mini a sakatariya, wai Malam Kar-ka-taɓa.

Da na dawo gida Batsari na buɗe shago, aiki ya yi ta zuwa. Ofisoshin ƙaramar hukuma nan da Safana, malaman makaranta masu buga jarrabawa, masu shagunan hoto da na kwafi. Na tuna wata makaranta a hanyar Wagini da aka kira ni wai kwamfutar shugaba ta daina ganin firinta, har an fara zargin wani malami da suka yi faɗa. Na bi kebul da hannu tun daga teburi har bayan kabad, sai ga zanzaro ya yi gininsa na laka a cikin ramin da kebul ke shiga. Da tsinken tsintsiya na yi gyaran. A lokacin in na hau mashin zuwa ƙauye ba na dawowa hannu sake, wannan ya ɗaura mini wake, wancan ya ce sai na tsaya na sha fura.

Sai shekarun nan na 'yan bindiga suka zo, waɗanda ba sai na ba ku labari ba. Ma'aikata suka daina kwana a gari, su zo daga Katsina da hantsi su juya kafin la'asar, daga baya zuwan ma ya zama sai an matsa. Azuzuwan da nake zuwa gyara suka cika da mutanen ƙauye da tabarmi da tukwane. Aka kai lokacin da layin waya ya ɗauke ɗungurungum, wata da watanni. Nakan buɗe shago da safe in share, in zauna har azahar ba wanda ya leƙo. Don kada hannuna ya manta, sai in ɗauko kebul in matsa masa kai, in datse, in sake matsawa. Abokan sana'ata biyu da muke hira da su duk sun koma birni. Ban taɓa sanin kaɗaici irin na lokacin ba, kana cikin garinku amma ba wanda za ka yi zancen aikinka da shi.

Ranar da sabis ya dawo mutane suka yi ta murna, ni kuwa na san akwai magana. Ita babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, masu ita suna aiko mata da gyare-gyare ta intanet, shi muke kira afdet. A birni kaɗan-kaɗan yake zuwa, ba a ma lura. Mu nan sai da ya taru na watanni, duk wanda ya jona wayarsa da kwamfuta don ya aika saƙo guda, sai ta kwashi abin gaba ɗaya ta haɗiye. Washegari a tashi, kwamfutoci biyu da suka shekara suna miƙa wa juna fayil a ɗaki guda, wannan ba ta ganin wannan.

A cikin wannan yanayin Sani Mai Hoto na Safana ya kira ni. Sani ya daɗe yana ɗaukar hoton fasfo, kuma duk lokacin da aka tashi rajistar taki ko wani tallafi, shi ke ɗaukar kyamara ya bi ƙauyuka, ya rataya jan ƙyalle a jikin katanga ya ɗauki gari guda. Ba ya share hoto. Duk yana zuba su a wata tsohuwar kwamfuta da ke ƙarƙashin teburinsa, wadda yake kira rumbu. Gilashinta ya daɗe da ƙonewa, janareta ya cinye shi. Ramukan filash ɗinta kuwa da hannunsa ya toshe su da gam mai ƙarfi, don ya gaji da masu soka filash suna zuba masa cuta. Hanya guda ta rage a shiga rumbun, kebul ɗin da na haɗa masa tun da daɗewa daga ita zuwa laftof ɗinsa. Yanzu laftof ta sha afdet, hanyar ta toshe.

Ya ce mini ya kwashe iyalinsa ya kai Katsina, bai san ranar dawowa ba. Mabuɗi na wajen tela maƙwabcinsa, laftof na kan teburi. Ya ce faifan ajiyar rumbun ya fara ƙara, in yi hankali. Har zai kashe wayar sai ya ƙara da cewa akwai wata tsohuwa da ke ta zarya, in Allah ya sa abin ya buɗe in taimaka mata.

Da sassafe na kama hanya, damina ce, gero ya kai ƙugu a gonakin da aka samu aka shuka. Da yawa kuwa ciyawa ce kawai. Wuraren da na saba tsayawa a gaisa duk shiru, sai rumfuna da ba kowa. Na san dole in juyo kafin la'asar, don bayan nan ba mai bin hanyar.

Tela ya ba ni mabuɗi, ya ja ni gefe ya nuna mini tsohuwar da haɓa. Tana zaune a dakalin shagon, 'yar siririya, da mayafi baƙi da ya koɗe. Ya ce daga wajen Tsaskiya take, a firamare suke zaune da sauran mutanensu. Babban ɗanta aka kashe a gona bara, gidan kuma aka sa masa wuta, ko tsinke ba su fitar ba. Gobe mota za ta kai ta wajen 'yarta da ke aure can nesa, ba kuma lallai ta sake ganin Safana ba. Ya ce kullum cewa take yi asibiti za ta, sai ta zo nan ta zauna.

Na durƙusa na gaishe ta.

“Iya, ina kwana?”

“Lahiya lau, ɗan nan. Ka zo lahiya? Ya hanya?”

“Lafiya lau, Iya. Ya ƙarin haƙuri?”

“Haƙuri sai ma'abocinsa. Ya ka baro mutan gida?”

Sai da muka gama tsaf, sannan ta ce, “Kai ne mai gyaran?”

Na ce ni ne.

“An ce hotunan mutanenmu na cikin wanga akwati. Nawa nika so.”

Na ce in Allah ya yarda za a duba. Ta murza bakin mayafi, sannan ta ce, ba ta dube ni ba, “Ran da anka ɗauke ni hoto, ba ni ɗai anka ɗauka ba a gidanmu.”

“Da wa aka ɗauke ku, Iya?”

“Da babban.”

Saura kaɗan in tambayi sunansa, Allah ya taimake ni na kama bakina. Ku yanzu uwayenku na ƙwala muku kira da sunan yanka har a gaban baƙi, ba za ku gane ba. A wajen su Iya, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yabonsa, ko ciwo yake yi sai dai ta aiki wani ya dubo mata. Mutuwa ma ba ta ɗauke wannan kunyar. Shi ya sa ta zo ita kaɗai, don in ta jawo wani daga firamare ya nuna mata, gari zai ji cewa wance na neman hoton ɗan farinta. Ni kuwa ban taɓa ganinsa ba, kuma Sani ba ya sa wa hoto suna, lambar da kyamara ta ba shi ita ce sunansa. Na bar wannan a gefe tukuna, don in rumbu bai buɗe ba zancen bai ma taso ba.

Na shigar da ita ta zauna a bencin da masu hoto ke jira. Wutar shagon faranti guda ne na sola a rufi da wani tsohon batirin mota, ga hadari yana ta kai da komo a gabas. Cire faifan in kai wata kwamfuta ba zai yiwu ba, irin na da ne mai faffaɗan kebul, abin haɗa shi sai Katsina, in ma an samu. Gilashin da zan ara in jona wa rumbun yana ofisoshin da ke kulle. Kuma ai rumbun ba wanda ya taɓa shi. Laftof ce ta canza, don haka ita zan tuhuma.

Na kunna laftof, na yi bisimilla na kunna rumbu. Faifan ya yi ƙat, ƙat, ya yi shiru, sannan ya ɗauka. Duk mai wannan sana'a ya san wannan ƙarar, kuma ya san in ka samu ya tashi ba ka sake kashe shi. Na leƙa bayan laftof, ɗan koren hasken da ke bakin kebul yana ƙiftawa, wato kebul lafiyarsa lau. Sai na duba lamba. Kowace kwamfuta a kan kebul tana da lambarta kamar lambar gida, kuma inda babu na'urar da ke raba lambobin, da hannu ake sawa. Afdet ya share ta laftof. Abin da ya cece ni ɗabi'a ce, duk inda na yi haɗi tsohuwar kwamfuta nakan ba ta goma a ƙarshe, sabuwa ashirin. Na mayar mata da ashirin ɗinta, na aika wa goma ɗan saƙon gwaji. Ta amsa.

Amsawa daban, buɗe ƙofa daban. Na nemi jakunkunan hoto, laftof ta ce ba ta san da su ba. Afdet ya sa ta ɗauki kebul ɗin shagon kamar na tashar mota inda ba a yarda da kowa, na gyara na nuna mata nan gida ne. Duk da haka shiru. Akwai wata tsohuwar hanyar miƙa fayil da ita kaɗai tsofaffin kwamfutoci suka sani, sababbi kuwa an kashe musu ita don ɓarayi na bi ta nan. Masu manhajar sun yi gaskiyarsu, sai dai ba su san da rumbun Sani ba. Na shiga can ciki inda aka ɓoye ta, na danna ɗan akwatinta. Laftof ta ce sai an kashe an kunna.

To ga kashewa da kunnawar taku. Na kashe, ta tashi, sai ga rubutu wai tana ƙarasa sauran afdet, kada a kashe ta. Ɗigo-ɗigo suka yi ta zagaye a gilashi. Ba abin da za ka iya yi a nan, in ka taɓa ta ka lalata komai. Na zauna ina kallon fitilar batir, ina jin faifan rumbu na ƙat, ƙat a ƙarƙashin teburi, rana kuma ta shige cikin hadari. Na kashe fankar shagon don in rage wa batir nauyi. Sau ɗaya kawai Iya ta ce, “Tana wahal da kai ko?” Na ce haka halinta yake.

Da ta gama abin da take yi ta dawo, sai ta fito da wata sabuwa, wai ba za ta shiga wurin da ba a tambayar suna da kalmar sirri ba. Rumbu kuwa tun da aka haife shi bai taɓa tambayar kowa ba. Na lallaɓa na sassauta mata wannan sharaɗin, na cire alamar intanet gaba ɗaya don kada ta sake jawo mana wani abu. Na sake rubuta lambar goma. Jakunkuna suka zubo, kowace da sunan ƙauye, Darini, Tsaskiya, Wagini da sauransu.

A nan ne mai gaggawa ke kashe aiki. Zai ce bari in buɗe in duba, ko ya kwashi duka ya tura lokaci guda. Faifai mai ciwo ba a sa shi aiki biyu. Ka kwashe tukuna, kaɗan-kaɗan, abin da ya fi muhimmanci a gaba, dubawa sai daga baya. Na tambayi Iya yaushe aka ɗauke su, ta ce shekarar rajistar taki ce, gero ya fara fitar da kai. Na fara da jakar Tsaskiya ta wannan daminar. Yana tafiya yana tsayawa. In ya cije a kan hoto guda, faifan ya fara ƙara, sai in ce ya tsallake. Na tsallake da dama, kuma duk wanda na tsallake sai gabana ya faɗi, don ban san ko shi ne ba.

Da Tsaskiya ta gama shigowa na sa Darini a hanya, na juyo da laftof wajen benci. Na fara buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya. Duk jan ƙyalle ne a baya, fuskoki ne ke canzawa. Iya ta zauna a karkace, kamar ba kallo take ba, amma bakinta ya buɗe.

“Wanga Tanko ne, shina Jibiya yanzu. Wagga matar limanmu ce. Wanga Allah shi jiƙanshi. Wanga ba a san inda yake ba har yau.”

Wasu ni ma na san su, na sha ganinsu a kasuwa da jakunansu. Ga su nan sun sha wanka, sun gyara hula, sun ƙame don kada hoto ya lalace. Garin da babu shi yanzu, ga shi cikakke a gabana, daga ni sai tsohuwa guda muke kallo. Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi ta danna maɓalli don kada in tsaya.

Muna cikin haka na ji shagon ya yi tsit. Faifan rumbu ya daina ƙara. Na leƙa, Darini ta tsaya a rabi. Na jira, na taɓa jikin kwamfutar, na san ya tafi. Mutanen Wagini da sauran ƙauyukan ba su fito ba, kuma ba za su fito ba. Ban gaya wa Iya ba, na cire wayar wutar rumbu don batir ya huta, muka ci gaba.

Muka zo kan hotonta. Ta fi ƙiba a lokacin, da ɗankwali mai fure. Ta yi ɗan murmushi ta ce, “Ka ga tsohuwa.” Na ce zan buga mata. Na danna na gaba, wata mata ce, ta ce kishiyar maƙwabciyarta ce. Na sake dannawa, wani dattijo, ta faɗi sunansa. Na sake dannawa.

Wani mutum ne da bai wuce arba'in ba, hularsa ta ɗan karkace, ya kanne ido guda saboda rana. Wannan karon Iya ba ta faɗi suna ba. Ta ja mayafi ta juya fuska wajen ƙofa.

“Halan hadarin nan ruwa zai yi,” in ji ta.

Na ce da alama. Na wuce zuwa na gaba, ta juyo ta ce wannan ɗan mai unguwa ne. Na ƙara biyu, duk ta faɗe su. Sai na yi kamar hannuna ya kuskure, na koma baya kan mai karkatacciyar hula. Ta sake juyawa wajen ƙofa, tana gyara bakin zanenta da ba abin da ya same shi. Na dubi goshinsa, na dubi nata. Ban tambaye ta ba, ita ma ba ta ce ba.

Firintar Sani ta daɗe ba ta yi aiki ba, sai da na goge mata kai, launin ma ya fito da ɗan kore-kore. Na buga nata, na buga nasa, na ƙara girmansa yadda takarda za ta ɗauka. Na sa nasa a ƙasa, nata a sama, na zura a ambulan na ajiye a kan benci kusa da ita.

“Ga hotonki, Iya.”

“Allah shi yi maka albarka. Allah shi raba ka da sharrin hanya.”

Ba ta taɓa ambulan ɗin ba, ba ta kuma tashi ba. Na fara naɗe kebul, na kai hannu zan rufe laftof, fuskarsa na nan a gilashi. Sai ta ce, “Ɗan nan, ban ga ka yi azahar ba.”

Alhali na riga na yi azahar, a gabanta ma na yi, a kan buhun da ke bayan ƙofa lokacin da Tsaskiya ke shigowa. Na dube ta, tana kallon ƙasa. Na ce, “Gaskiya ne, Iya, bari in je masallaci.” Na janye hannuna daga laftof, na ƙara wa gilashin haske duk da batir na kuka, na fita na jawo ƙofa.

Masallacin ba kowa. Na yi nafila, na zauna na jingina da bango. Lokacin kama hanyata ya yi, ya wuce, ina zaune. Aka fara yayyafi, ya tsaya. Sai da ladan ya shigo yana karkaɗe tabarmi don la'asar, na bi jam'i da mutum uku, sannan na koma.

Ba kowa a shagon. Ambulan ba ya kan benci. Tela ya ce ta fita tun ɗazu, ta yi masa sallama ta bi hanyar firamare, ban kuma sake ganinta ba har yau. Gilashin laftof ya dushe, batir na gab da ƙarewa, amma fuskar na nan. Da na sunkuya zan rufe, hasken ƙofa ya faɗa a kai, sai na ga shatin yatsu. Ba dangwale ɗaya ba ne irin na masu nuni. An shafo daga goshi zuwa kumatu, daga kumatu zuwa haɓa, an sake komawa, har wajen hular da ta karkace an taɓa kamar za a gyara masa ita.

Na ciro tsummana daga jaka, don hannu ya riga ya saba. Na tsaya da shi a hannu har gilashin ya mutu don kansa. Sai na mayar da shi jaka, na rufe laftof ɗin yadda take, na kai wa tela mabuɗi, na hau mashin na kama hanyar Batsari ni kaɗai.